Kyamarar tsaro a wurin kasuwanci: tana hana sata ne, ko naɗar ta kawai take yi?

Kusan kowane mako sai wani bidiyo ya karaɗe shafukan sada zumunta. Mutum ya shigo kanti, ya waiga hagu da dama, ya zura kaya cikin riga, ya fita abinsa kamar wanda ya biya. A wani bidiyon ma ɓarawon ɗaga kai yake yi ya dubi kyamarar ido cikin ido, sannan ya ci gaba da abin da ya kawo shi. Mai kantin ya saki hoton yana cigiya, mutane kuma su rabu biyu. Wasu su ce ai ga amfanin kyamara nan, da babu ita wa zai san abin da ya faru? Wasu su ce ina amfanin baɗi ba rai, kaya dai sun tafi, fuskar da ke cikin bidiyon kuwa ko uwar da ta haifi mai ita ba za ta shaida shi ba.

Kowane ɓangare na da 'yar gaskiyarsa, amma duka biyun sun tsallake tambayar da ta fi shafar mai kanti ko mai sito ko mai masana'anta da ke shirin fitar da kuɗinsa: wane aiki ake so kyamarar ta yi, a kan wane irin ɓarawo, kuma wa zai motsa idan ta ga wani abu? Yawancin masu saye ta wutsiya suke kama zancen. Su shiga wurin mai sayarwa da “guda nawa zan sa?” da “megafiksel nawa ce?”, wato yawan ɗigon da ke haɗa hotonta, a ba su abin da ke cikin kwali, a kafa huɗu a kusurwa huɗu, kowa ya kama gabansa. Sai ranar da aka yi ɓarna a gane an yi ba a yi ba.

Aiki uku da ake cakuɗawa

Idan aka ce kyamarar “tsaro”, abu uku ake dunƙulewa a kalma ɗaya. Akwai tsoratarwa, wato mai niyyar sata ya hango ta ya fasa. Akwai ankararwa, wani ya ga abin yana faruwa ya katse shi kafin kaya su bar wurin. Sai kuma shaida, a koma bayan an yi a ga wane ne, yaushe, kuma ta yaya. Mai tsoratarwa dole ta fito fili kowa ya gan ta. Mai ankararwa ba ta da amfani sai da mutum a bayanta, ko saƙon da zai shiga wayar wani. Mai shaida kuwa, komai nata ya rataya ne a kan fitowar fuska da daɗewar hoton a ajiye.

Masana sun daɗe suna auna na farkon. A 2019 wasu masu nazarin laifuka, cikinsu har da Eric Piza da Brandon Welsh da David Farrington, suka tattara binciken da aka yi cikin shekara 40 a kan kyamarorin tsaro, kimanin guda 80, akasarinsu daga Birtaniya da Amurka. Suka gano laifuka sun ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari a wuraren da aka sa kyamara, idan aka kwatanta da inda ba a sa ba. Raguwa ce, amma ba ta kai yadda masu talla ke zuzutawa ba. Inda abin ya yi tasiri sosai shi ne wuraren ajiye motoci, da kashi 37 cikin ɗari. A kan laifukan duka da jin rauni kuwa ba su ga wani canjin a zo a gani ba, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, don wanda zuciya ta ɗebe shi ba ya tsayawa lissafin kyamara.

Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne bambancin da ke tsakanin tsarin da ake kallo da wanda ba a kallo. Inda akwai masu sa ido a kan allo suna ɗaukar mataki, laifi ya ragu. Inda aka kafa na'ura aka bar ta tana naɗa ita kaɗai, ba a ga tasirin kirki ba. Haka nan tasirin ya fi ƙarfi a inda aka haɗa kyamara da wasu matakan, irin su haske da masu gadi.

Mafi yawan waɗannan bincike a tituna da tashoshi da unguwanni aka yi su, don haka ba za a ɗauko alƙalumansu a manna wa kanti kai tsaye ba. Amma ka dubi wurin ajiye motoci da kyau: killataccen wuri ne, ƙofofinsa kaɗan, akwai mai kula, kuma kowa ya san abin da ɓarawo ya zo nema. A ganina wurin kasuwanci ya fi kama da wannan fiye da titi, muddin mai shi ya tsara shi haka.

Wane ɓarawon ake nufi?

Kafin a yi maganar na'ura, sai an san ta ina kaya ke zurarewa. Ƙungiyar masu kantuna ta Amurka, NRF, ta ce a shekarar 2022 kayan da suka ɓace wa mambobin harkar sun kai na dala biliyan 112, wato kashi 1.6 cikin ɗari na cinikinsu. Da aka kasa asarar, kashi 36 cikin ɗari satar mutanen waje ce, kashi 29 ta ma'aikata, kashi 27 kuma kurakuran lissafi da rashin tsari ne. Alƙaluman ƙasa ɗaya ne, amma darasin na kowa ne: fiye da rubu'in asarar ba ɓarawo ne ya jawo ta ba. Wanda ba ya ƙidayar kayansa yadda ya kamata, ko kyamara ɗari ya jera, kuɗinsa za su ci gaba da ɓacewa a cikin littafi.

Ɓarayin su ma ba iri ɗaya ba ne. Mai ɗauke-ɗauke da rana, wanda ke shigowa a matsayin mai saye, shi ne ya fi jin tsoron ido, kuma a kansa kyamarar da ke fili da allon da ke nuna masa kansa a bakin ƙofa suka fi aiki. Mai fasawa da dare ya riga ya san akwai kyamara, ya zo da hula da ƙyallen rufe fuska, abin da ke damunsa shi ne minti nawa ke gare shi kafin wani ya iso. A 2012 masu bincike na jami'ar North Carolina da ke Charlotte sun tambayi fursunoni 422 da aka ɗaure kan fasa gidaje da shaguna, kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce idan suka lura akwai ƙararrawa a wuri, gaba suke yi su nemi wani. Ga irin wannan ɓarawo, kyamarar da ba ta haɗe da ƙararrawa ko wanda zai taso, ihu bayan hari ce.

Na ukun shi ya fi ciwo, na cikin gida. Da ɗan gari akan ci gari. Ya san inda kowace kyamara ke kallo, ya san inda idonta ba ya kaiwa, wani lokaci ma shi ke riƙe da makullin ɗakin da na'urar naɗar take. Satarsa ba ta da gudu ba ta da tsalle. Abokinsa ya zo kan kanta da kaya biyar, shi kashiya ya wuce da uku ta gaban na'urar karanta farashi, biyun ya rufe lambarsu da tafin hannu ya tura cikin leda. Suka yi wa juna murmushi, aka ba da rasit, aka rabu lafiya. Kyamarar da ke can kusurwar silin abin da za ta nuna shi ne ciniki kamar kowane ciniki. Abin da zai kama wannan shi ne kyamarar da ke kallon kantar biyan kuɗi daga sama, tana ganin hannu da kaya da akwatin kuɗi a lokaci guda, sannan a gwada hotonta da rasit ɗin wannan mintin. Akwai tsarin da ke rubuta bayanin rasit a jikin bidiyon kai tsaye, kuma ga mai kashiya fiye da ɗaya, wannan ya fi ƙarin kyamara biyar amfani. Haka ƙofar baya da wurin sauke kaya da bakin kwandon shara, inda akan ɓoye kaya da rana a dawo a ɗauka da dare.

Fiksel nawa ya sauka a kan fuska?

Nan ne aka fi yaudarar masu saye, ko in ce suka fi yaudarar kansu. Hoto tarin ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel. Kyamarar da aka rubuta wa 1080p tana da fiksel 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, wato kimanin miliyan 2. Ta 4K tana da 3840 da 2160, kimanin miliyan 8. Sai dai lambar da ke jikin kwali ba ta gaya maka ko za ka gane ɓarawo. Abin dubawa shi ne yadda fiksel ɗin suka rarrabu a kan faɗin wurin da kyamarar ke kallo.

Akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa da masu harkar suka daɗe suna aiki da shi, mai lamba IEC 62676-4. Bisa bugun 2014 na wannan ma'auni, fiksel 25 a kowace mita sun isa ka san akwai mutum a wurin. Fiksel 125 a mita za su sa ka gane wanda ka riga ka sani. Amma kafin a tantance baƙon fuska, sai fiksel 250 a mita. Yanzu sai a yi lissafi. Raba 1920 da 250, ka sami kimanin mita 7.7. Ma'ana kyamarar 1080p ba za ta fitar da fuskar da za a iya tantancewa ba idan faɗin abin da take kallo ya wuce haka. Ka juya ta kan farfajiya mai faɗin mita 20, kowace mita ta tashi da fiksel 96 kacal, fuskar mutum kuma, da faɗinta bai wuce santimita 16 ba, ta tashi da ɗigo 15 ko makamancin haka. Ka yi ta jawo hoton kusa har ka gaji, ɗigon ne kawai za su ƙara girma. Abin da ake gani a finafinai, a danna maɓalli dusashen hoto ya washe, babu shi.

Wannan ne ya sa kyamarar da ke “ganin ko'ina” ba ta ganin kowa. Mai faɗin ido, wadda akan rubuta wa milimita 2.8, tana kwashe ɗaki guda, kuma tana da amfaninta wajen nuna yadda abu ya gudana daga farko har ƙarshe. Amma sai an haɗa ta da wata mai ƙunƙuntaccen ido, wadda aikinta ɗaya ne tak: fuskar duk wanda ya ratsa ƙofa. Ƙofa ba ta wuce mita ɗaya ko biyu ba, ko kyamara mai matsakaicin ƙarfi za ta cika ma'aunin har da rara. Idan kuɗin mutum na kyamara ɗaya ne mai kyau, a nan zan ce ya kashe su.

Tsayin da aka kafa ta shi ma magana ce. Masu haɗawa sun fi son can sama kusa da silin, don kada a taɓa ta, kuma jan waya ya fi sauƙi. Abin da ake samu daga can shi ne tsakar ka da bakin hula. Kyamarar ƙofa gara ta sauko kusa da tsayin idon mutum, ko sama da shi kaɗan, cikin murfi mai ƙarfi. Alamar IK10 a jikin murfi na nufin yana jure bugu, IP66 ko IP67 kuma na nufin ƙura da ruwa ba sa shiga, wanda dole ne ga ta waje.

Sai matsalar haske. Kyamarar da ke cikin kanti tana fuskantar ƙofa, da rana abin da take gani baƙar inuwa ce tsaye a tsakiyar farin haske. Wadda ke da fasahar da ake rubutawa WDR tana daidaita hasken da duhun, amma akwai dabarar da ta fi sauƙi: a ƙara wata a jikin ƙofar tana kallon ciki, ta ɗauki fuskar mai fita da hasken kantin a kanta. Mai fita ma ya fi sakin jiki, ya riga ya ɗauka ya sha.

Da dare yawancin kyamarori da hasken infared suke gani, wanda idon mutum ba ya gani. Hoton baƙi da fari ne, don haka launin riga da na mota sun tafi. Idan aka ajiye ta bayan gilashin taga, hasken dawo mata yake yi ya makantar da ita. Gizo-gizo kuma na son ɗumin wurin da ƙwarin da ke taruwa, zare ɗaya na saƙarsa ya isa ya haske hoton dare gaba ɗaya. Akwai kuma wata dabara da wasu kyamarori ke yi don hoton dare ya fito tas: su daɗe da ido a buɗe kafin su ɗauki kowane hoto. Bango da ƙofa za su fito raɗau, amma mutumin da ke tafiya ya koma kamar hayaƙi. Fitila mai kyau a bakin ƙofa ta fi gyara hoton dare fiye da ƙarin megafiksel, ga shi ita kanta tana korar ɓarawo.

Mai waya ko marar waya

Wannan ba ya bukatar dogon zance. Tsohon tsari shi ne kyamara ta aika hoto ta waya zuwa akwatin naɗa da ake kira DVR. Ya fi araha, kuma na yanzu hotonsu ba laifi. Sabon tsari, wanda kamfanin Axis na ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 1996, kowace kyamara 'yar ƙaramar kwamfuta ce, akwatinta kuma NVR. Daɗinsa shi ne waya ɗaya ke ɗaukar wuta da hoto, abin da ake rubutawa PoE, har tsawon mita 100. A duba ko akwai alamar ONVIF, ƙa'idar da Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008 don kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki tare. Idan babu ita, ranar da kyamara ɗaya ta mutu ko kamfanin ya daina ƙera irinta, mutum na iya wayar gari ya zama ɗaurarre ga kayan kamfani ɗaya.

Masu aiki da waifai suna da sauƙin sawa, amma sigina na yankewa, kuma akwai 'yan na'urorin da ɓarayi ke toshe shi da su. Masu batir barci suke yi sai motsi ya tashe su, sau da yawa kafin su farka ƙeyar mutum kawai za su samu. Ga wurin kasuwanci na dindindin, a ja waya.

Inda hoton ke kwana

Na taɓa zama gaban allo tare da wani mai shago washegarin da aka yi masa ɓarna. Kyamarori takwas, duka suna nuna hoto tangaran, fitilar akwatin na ci. Muka nemi daren jiya, babu. Muka koma shekaranjiya, babu. Ashe faifan ajiyar ya mutu tun watanni, kuma ba wanda ya sani, saboda hoton da ke kan allo kai tsaye yake zuwa daga kyamara, ba ruwansa da faifan. Mutumin ya yi shiru, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, kamar laifin daga idonsa ne.

Ko faifan na da rai, girmansa ke yanke kwana nawa hoto zai yi kafin sabo ya hau kansa. Kyamarar da ke aika megabit 4 a daƙiƙa tana cin kimanin gigabayit 43 a yini. Guda takwas, gigabayit 345. Faifai mai terabayit 2, irin wanda ake yawan haɗowa da kwali, bai cika kwana shida ba. Kwana 30 na bukatar sama da terabayit 10. Tsarin matse bidiyo na H.265 na iya rage wannan da kusan rabi idan aka gwada da H.264, naɗa sai an ga motsi shi ma yana ragewa. Dalilin damuwa da kwana 30 kuwa shi ne, fashin dare da safe ake ganinsa, amma satar cikin gida sai an zo ƙidayar ƙarshen wata take bayyana. A kuma nemi faifan da aka ƙera don naɗa dare da rana, irin su WD Purple ko Seagate SkyHawk, na kwamfutar tebur ba ya jure wannan wahala.

Akwatin kansa shi ne abin da ɓarawo mai wayo ke fara nema. Idan yana kan teburin manaja ƙarƙashin allo, tare da kayan zai tafi. A kulle shi a inda ido ba ya kaiwa, kuma aƙalla hoton ƙofa da na kan kanta ya riƙa samun kwafi na biyu, ko a katin ajiya cikin kyamarar, ko a rumbun intanet, wato ajiyar da wani kamfani ke riƙe maka daga nesa. Rumbun intanet ɗin na da nasa nauyin: kuɗin wata-wata da ba ya ƙarewa, ga cin data, kuma in layi ya yanke ya tsaya. Batirin da zai riƙe akwati da kyamarori idan wuta ta ɗauke, ko aka ɗauke ta da gangan, yana cikin tsarin, ba ƙari ba ne. Agogon na'urar ma a daidaita shi da intanet. Bidiyon da ke nuna ƙarfe 3 alhali abin ya faru ƙarfe 9, lauyan wanda ake zargi kyauta ya samu.

Ƙofar da ake bari a buɗe

Duk kyamarar da kake iya kallo a wayarka daga nesa, wani ma na iya gwada sa'arsa. A 2014 wani shafin intanet ya riƙa nuna hotunan kyamarori sama da 70,000 daga sassan duniya kai tsaye, ba tare da ya fasa komai ba, masu su ne kawai ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba. A Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi amfani da irin waɗannan kalmomin sirri kusan 60 ta kame ɗimbin kyamarori da akwatunan naɗa, aka yi amfani da su aka kai wa kamfanin Dyn hari, har Twitter da Netflix suka gagara buɗuwa ga mutane da yawa a Amurka. Rumbun intanet shi ma bai tsira ba: a Maris ɗin 2021 masu kutse sun kai ga kyamarori kimanin 150,000 na abokan cinikin kamfanin Verkada, har da na asibitoci da gidajen yari.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A canza kalmar sirri ranar farko, mai kasuwancin ne zai riƙe babban asusun da kansa, wanda ya haɗa masa a ba shi ƙarami da za a iya rufewa. Ma'aikacin da ya bar aiki a cire shi a ranar. A riƙa sabunta manhajar na'urar, kyamarar da ba a san kamfaninta ba balle a sa ran sabuntawa, arahar ta ba ta ado.

Akwai kuma taƙaddamar da ake yi kan manyan kamfanonin Sin biyu, Hikvision da Dahua, waɗanda kayansu suka cika kasuwannin duniya. Amurka ta hana hukumomin gwamnatinta sayen kayansu da wata doka ta 2018, a Nuwamban 2022 kuma ta daina ba sababbin na'urorinsu izinin shiga kasuwarta, Birtaniya ma a watan ta hana sa su a muhimman gine-ginen gwamnati. Hujjarsu tsoron leƙen asiri, kamfanonin kuma sun musanta. Wanda ke neman kwangila da irin waɗannan gwamnatoci, abin ya shafe shi kai tsaye. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, kalmar sirrin da bai canza ba ta fi kusa da cutar da shi.

Ma'aikata, masu saye da doka

Masu kasuwanci da yawa na ganin tunda wurin nasu ne, suna iya sa ido yadda suka ga dama. Ma'aikata kuma na ganin kyamarar da ke bisa kansu zargi ne da ba a furta ba. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma akwai abubuwan da kusan ko'ina aka yarda da su. Ban-ɗaki da ɗakin canza kaya haramun ne. Naɗar murya ta fi naɗar hoto tsauri, a wasu wurare, irin jihar Kalifoniya, sai da yardar duk masu maganar. A Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki a 2018 ta wajabta sanar da mutane ana ɗaukarsu, kuma kada a ajiye hoton fiye da bukata.

Ɓoyayyar kyamara ita ce ta fi jawo rigima. A 2009 wani babban kanti a Sifaniya ya ga lissafin kaya da na ciniki ba sa haɗuwa wata da watanni, ya ɓoye kyamarori a kan masu karɓar kuɗi na tsawon kwana 10, aka kori ma'aikata 14. Biyar daga ciki suka kai ƙara har Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam. A 2018 kotun ta ce an keta musu haƙƙi, a 2019 babban zaurenta ya juya hukuncin. Dalilinsa: akwai zargi mai tushe, asarar babba ce, wurin da aka ɗauka ƙayyadadde ne, lokacin kuma gajere. Wato ba izini aka ba kowa ya riƙa ɓoye kyamara don zato ba. Ni dai na fi ganin hikimar a tara ma'aikata a nuna musu kowace kyamara da abin da take kallo. Ita ce za ta wanke kashiya ranar da mai saye ya rantse ya ba da babbar takarda an ba shi canjin ƙarama.

Kyamarar bogi, kwanson roba mai jar fitila, tana iya razana yaro. Wanda ya ƙware yana gane ta, ma'aikata kuwa cikin mako guda sun sani.

Fasahar gane fuska, wadda ake ta tallatawa yanzu, sai an yi taka-tsantsan. A Disambar 2019 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta gwada manhajoji 189, ta samu da yawansu sun fi yin kuskure a kan fuskokin 'yan Afirka da 'yan Asiya, wasu har ninki 10 zuwa 100. A Disambar 2023 hukumar kasuwanci ta ƙasar, FTC, ta hana kantunan magani na Rite Aid amfani da fasahar har shekara biyar, saboda na'urarsu ta riƙa nuna masu saye da ba su ji ba ba su gani ba a matsayin ɓarayi, ma'aikata na bin su suna tozarta su. Wanda ya saki hoton “ɓarawo” a intanet shi ma ya tuna da wannan: idan fuskar ɗigo 15 ce, kuma jama'a suka ɗora ta a kan wani bawan Allah, alhakin da ƙarar duka a kansa za su sauka. 'Yan sanda ake fara kai wa.

Wa zai motsa?

Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da halin ɗaukar mai zama gaban allo dare da rana, amma na'urorin yanzu na rage masa aikin. Akwai masu bambance mutum da kyanwa ko inuwar bishiya, a zana musu layi a hoto, duk wanda ya tsallake shi bayan an rufe sai saƙo ya shiga waya, wasu har su kunna fitila da ƙara. Sai an zauna an saita su da kyau. Wayar da ke kuka sau 40 a dare saboda iska, a dare na uku mai ita zai kashe mata murya, a na huɗu kuma a yi satar. Sannan tun kafin ranar a yanke: saƙo ya shigo ƙarfe 2 na dare, wa za a kira, wa ya fi kusa, kuma wa aka hana tunkarar ɓarawo shi kaɗai.

Kafin a biya wanda ya haɗa ragowar kuɗinsa, a yi gwaji. A sa wani da ba a sani ba sosai ya sa hula, ya shigo da tafiyarsa ta yau da kullum, sau ɗaya da tsakar rana, sau ɗaya da dare bayan an kashe fitilu. A koma kan abin da aka naɗa, ba hoton kai tsaye ba, a tsayar da shi, a nuna wa wanda bai ga shigowar ba a tambaye shi ko zai iya nuna mutumin cikin mutum biyar. A kashe babban makunnin wuta a ga minti nawa akwatin zai yi. A kwafi bidiyon a filashi a buɗe shi a wata kwamfutar, don wasu akwatunan da irin nasu tsarin suke ajiyewa, a kai wa 'yan sanda ya ƙi buɗuwa. Kuma mai kasuwancin ne zai yi kwafin da hannunsa, mai haɗawar na tsaye yana kallo. Bayan nan a ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, aikin minti biyar a kowane mako: ya buɗe hoton daren jiya na kowace kyamara, ya gwada agogon akwatin da na wayarsa, ya ɗauki tsumma da tsani ya share saƙar gizo-gizo.